Farar Motar Layin Pruitt

Shafi na 37

Masu cika min akwatin saƙo da tambayar ina Shalonda ta shige, to yau ga ta nan. Sai dai kada wanda ya zage ni idan ya kai ƙarshe, don ni ma ban ji daɗin rubuta shafin nan ba.

*

Lavell bai taɓa shiga gidan mahaifiyarsa ranar Lahadi ya tarar da kicin shiru ba, sai yau.

Ba ƙamshin soyayyar kaza, ba tukunyar ganye a kan wuta, ba burodin masara a tanda. Tukwanen ma a kife suke. Ya tsaya a bakin ƙofa da sarƙar zinarensa har cibiya, mutumin da Amurka gaba ɗaya ke kira Cold Vell, wanda 'yan majalisa suka ɗaga faifansa a talabijin suka ce shi ke lalata tarbiyyar yara. Sai ga shi gabansa yana faɗuwa kamar ɗan firamaren da ya dawo ya tarar da gida a kulle.

Boone kam bai lura da komai ba. Ya wuce ta gefen gida da jakar nama a kafaɗa, ya nufi filin baya inda murhun gashi yake, yana fito. Shi ne manajan Lavell, shi ne amininsa, tun zamanin da suke sayar da kaset a but ɗin mota a kasuwar gwanjo ta Compton. Asali abokin Cordell ne, yayan Lavell. Ranar da aka binne Cordell shi ya kama gaban akwatin, kuma a bakin kabarin ya dafa kafaɗar Lavell ya ce masa daga yau shi ne yayansa.

A falo Lavell ya sami mahaifiyarsa, Mama Odessa. Tana zaune da kayan cocinta, hular tana kan cinyarta. Ciwon dajin ya cinye ta har zoben aurenta ya koma babban yatsa. Gobe za a kwantar da ita asibiti a yi mata aiki, kuma likitan bai yi mata alkawarin komai ba.

Ya sunkuya ya sumbaci goshinta. Ba ta ɗago ba, ta ce,

"Na ce ka zo kai kaɗai."

"Ni kaɗai na zo, Mama. Boone ne kawai."

Ta dube shi wani irin kallo, sannan ta ce ya zauna.

Bai iya zama da labari a baki ba, don haka ya fara ba ta tun kafin ya taɓa kujera. An ba su babban filin wasan cikin gari. Tikiti ya ƙare tun kafin a buga talla. Za a rataye hoton Cordell mai tsawon bene uku a bayan dandamali, kuma idan ya zo kan waƙar "Farar Mota", za a sauko da farar mota ta gaske daga sama da sarƙoƙi, yaransa su far mata da sanduna a gaban jama'a. Shawarar Boone ce. Lavell ya ce ya ware mata kujera a sahun gaba, ko a keken marasa lafiya ne sai ta je.

Yana magana yana neman murna a fuskarta. Bai samu ba.

Dama ta saba yi masa haka. Ya saya mata gida a kan tudu inda ake hango teku, ta ce ita ba ta barin layin Marlow. Ya kawo mata faifan zinarensa na farko a gilashi, ta sa shi a bayan kabad. Waƙar da ta fitar da shi duniya kuwa, duk inda aka kunna ta, ko a shagon kitso ne, sai ta ɗauki jakarta ta fita. Ya daɗe da yanke cewa kalaman ne ba ta so, ita mai rera waƙar coci.

Ta ce, "Motar nan ba za ta hau dandamali ba, Lavell."

Kafin ya tambayi dalili sai ya ji mota ta tsaya a waje.

Ya san ƙarar motar. Duk Lahadi Shalonda takan kawo masa 'yarsu Keyonna, ta danna ham daga bakin titi, ta jira yarinyar ta shige, ta ja motarta. Shekara shida ke nan ƙafarta ba ta taka gidan nan ba. Amma yau sai ya ji an kashe injin, ya ji takun mutum biyu a kan matakala.

Keyonna ta shigo da gudu ta haye jikinsa, ƙananan kitsonta na kaɗawa da duwatsun ado. Ya rungume ta, amma idonsa yana kan ƙofa.

Shalonda ta tsaya a bakin ƙofar da kayan aikinta na asibiti, makulli a hannu. Ta rame kaɗan. Ya yi zaman otal a Tokyo da Landan, mata suna kwana a bakin ƙofarsa, amma babu wadda ya taɓa faɗa wa sunan da uwarsa ta raɗa masa.

Mama Odessa ta sa yarinyar ta je ɗaki ta kunna katun, ta ce kada ta fito sai an kira ta. Sannan ta roƙi Shalonda ta zauna.

"A tsaye ma ina ji, Mama Odessa. Kin ce magana ce ta rai da mutuwa, shi ya sa na shigo. Ba don shi ba."

Lavell ya ce, "Ko gaisuwa babu, Londa?"

"Ina wuni, Cold Vell. Na ga hotonka a jikin bas. Ka yi ƙiba."

Lavell ya san abin da ke tsakaninsu ba gaisuwa ke gyara shi ba.

Da rana tsaka aka harbe Cordell a lungun bayan gidan nan, kusa da gareji. Washegari Boone ya zo ya ce an ga wata farar mota daga layin Pruitt, layin 'yan daba masu jajayen tufafi, abokan gabar yaran Marlow, ta fita daga lungun a guje. Lavell yana da shekara sha tara, zuciyarsa na ci da wuta. Ya shiga sutudiyo ya zuba wutar a waƙa. Cikin 'yan watanni babu motar da za ta wuce a Compton ba ka ji muryarsa a ciki ba, yana rantsuwa cewa mai farar motar nan ba zai ga sabuwar shekara ba.

Tyree, ƙanen Shalonda, a layin Pruitt yake. Ba ya cikin kowace ƙungiya. Magunguna yake kai wa tsofaffi gida daga wani kemis, a cikin wata tsohuwar farar mota da ya gada wajen kawunsa. Wasu yaran Marlow suka tare shi a fitilar kan hanya suka yi wa motar ruwan harsashi. Shalonda na da cikin Keyonna a lokacin. Daga maƙabarta ba ta sake komawa wajen Lavell ba.

Ya sha gaya mata cewa bai ambaci sunan kowa a waƙar ba. Ita kuma amsarta ɗaya ce kullum: farar mota nawa ce a layinsu?

Mama Odessa ta ajiye hular a gefe. Ta ce wa Lavell ya rufe ƙofar falon. Ya rufe.

Ta ɗan jima tana murza zoben da ke yatsanta.

"Na gaya wa 'yan sanda a mace na tarar da Cordell. Na gaya wa fasto haka. Na gaya maka haka."

Ta ɗago ta dube shi.

"Da ransa na same shi."

Lavell ya zauna a hannun kujera.

Ta ba su labarin a hankali, ba ta kallon kowa. Ranar ta taso da wuri daga kicin ɗin makarantar da take aiki saboda ciwon kai. Tana sa makulli a ƙofa ta ji ƙarar bindiga sau biyu daga baya. Ta zagaya da gudu. Ba ta ga mota ba, fara ko baƙa. Abin da ta gani shi ne bayan mutum yana tsallake katangar maƙwabta, da ɗanta kwance a jikin ƙofar gareji yana ƙoƙarin tashi. Ta ɗora kansa a cinyarta. Ya riƙe mata wuyan riga.

"Ya ce, Mama, Boone ne."

Babu wanda ya motsa. Daga ɗaki ana jin muryoyin katun suna ta shirme.

"Sai ya ce, kada ki gaya wa Vell. Sau biyu ya faɗa. Shi ne ƙarshen abin da ya faɗa a duniya."

Lavell ya yi wata 'yar dariya wadda shi kansa bai san daga ina ta fito ba. Ya ce maganin da ake ba ta ne, ya ji an ce yana sa mutum ya ga abin da bai faru ba. Ya ce Boone ne fa ya biya kuɗin akwatin. Boone ne ya kwana uku a falon nan yana gadin su. Sunan Cordell na nan a rubuce da allura a ƙirjin Boone, shi da kansa ya raka shi aka zana.

Ta bar shi ya gama.

Sannan ta ce ana gobe abin zai faru ta ji su suna sa-in-sa a filin baya. Cordell ya samu aikin tuƙin babbar mota a Houston, ya yanke zai bar layi da harkar daba, kuma zai tafi da Lavell. Ta ji yana gaya wa Boone ya cire hannunsa daga kan ƙanensa, kada ya sake ba shi bindiga, kada ya sake kai shi sutudiyon 'yan ƙwaya. Ya ce idan Boone bai bari ba, shi ma ya san abubuwan da zai iya faɗa. Boone bai ɗaga murya ba. Ya shigo kicin ya sha ruwa, ya ce mata sai da safe, Mama.

Lavell ya tuna daren da suka ɗauki waƙar. Ya rubuta baitin babu mota a ciki. Boone ne ya tsayar da kiɗan, ya leƙo ta gilashi ya ce masa ya sa farar motar, don jama'a su san ba tatsuniya yake ba.

Ya dafe bango.

"Duk Lahadi, Mama. Duk Lahadi yana zama a teburin can. Ke kike zuba masa abinci. Har ƙari kike masa."

"Ni nake zuba masa."

"Ta yaya?"

"Ina zubawa ina kallonka a gefensa da ranka. Na san bindigar da ke ƙarƙashin katifarka, Lavell, ni ke gyara maka gado. Da na faɗa maka a ranar, kafin dare ko kana kwance kusa da yayanka, ko kana kurkuku har ka mutu. Biyu na haifa. An riga an ɗauke min ɗaya."

Sai a lokacin Shalonda ta motsa. Ta ajiye makullin motarta a kan talabijin a hankali, kamar mai tsoron kada ya fashe. Ta zo ta tsaya a gaban tsohuwar.

"Kin zo jana'izar Tyree."

Mama Odessa ta sunkuyar da kai.

"Kin zo da baƙar hula. Kin kawo mana abinci a kwano mai murfi. Kin rungume uwata a gaban coci, kika ce mata ke ma kin san zafin. Ina tsaye ina kallonku, har na ce a raina matar nan waliyyiya ce, ɗanta ya jawo mana wannan amma ga ta ta zo."

"Shalonda, 'yata..."

"Kada ki kira ni haka."

Ba ta ɗaga murya ba. Hawaye ne kawai ke sauka, ba ta ko share su.

Ta ce waƙar ta yi wata da watanni tana yawo kafin a taɓa Tyree. Kowa a Pruitt ya san wa ake nufi. Ita da kanta ta roƙe shi ya sayar da motar, ya ce shi bai yi wa kowa komai ba, kuma tsofaffinsa na jiran magani. Duk tsawon lokacin nan kalma ɗaya daga bakin Mama Odessa ta isa. Ko a kunnen fasto ne.

"Ni ban taɓa zargin ƙanena ba, ko na minti ɗaya. Amma uwata, da ta ga duniya duka na rera abin, har yaran maƙwabta, sai ta fara shakka. A gadon asibiti ta kama hannuna ta ce, Londa, gaya min gaskiya, shi ne ya kashe ɗan matar nan? Da tambayar nan ta mutu."

Mama Odessa ta rufe fuskarta da hannu biyu. Da ta samu magana sai ta ce ba ta kira Shalonda don ta yafe mata ba. Ta san ba ta cancanta ba. Ta ce ta yi ta gaya wa kanta waƙa ce kawai, za ta wuce kamar sauran. Da aka kashe Tyree kuma sai tsoron ya ninku, don yanzu idan ta yi magana ta kashe ɗanta da hannu biyu: ga Boone, ga sanin abin da waƙarsa ta yi a banza. Amma gobe za a shiga da ita ɗakin tiyata, kuma ba za ta iya tsayawa gaban Ubangiji da yaron nan a wuyanta ba.

Lavell bai ji rabin maganar ba. Yana kallon hannuwansa, zobba a kowane yatsa. Gidan kan tudu, motoci bakwai, faifan da ke bayan kabad, duk daga waƙar nan suka fito. Ya rera ta a garuruwan da ba su san inda Compton take ba, dubban mutane suna ɗaga hannu suna amsa masa baitin farar motar, shi kuma yana kuka a dandamali da gaske, yana ganin yana raya sunan yayansa. Kowane dare idan ya sauko, Boone ne ke tsaye da tawul yana jiransa.

Ya tuna Tyree yana kiransa suruki tun kafin a yi maganar aure, yana roƙonsa ya sa masa hannu a kaset ɗinsa na farko.

Ya ɗago ya dubi Shalonda. Ya buɗe baki.

Ta ce, "Idan haƙuri za ka ba ni, riƙe abinka."

Ya rufe bakin. Ya miƙe tsaye. Hannunsa ya tafi bayan ƙugunsa da kansa, inda rigar ta ɗan yi tudu.

Mama Odessa ta yunƙura daga kujera da ƙarfin da bai san tana da shi ba, ta cafke masa hannu. Yatsunta kamar tsinke, amma ya kasa fizgewa.

"Ba don wannan na gaya maka ba. Shekara shida ina ciyar da wanda ya kashe min ɗa don kada ka yi abin da kake shirin yi. Kada ka mai da shi banza."

"To me kike so in yi, Mama? In fita in ci naman da yake gasawa?"

Ta ce ya je wajen hukuma, ita za ta ba da shaida tun tana da numfashi. Duk su ukun sun san abin da ake yi wa ɗan Marlow da ya taka ofishin 'yan sanda da ƙafarsa, balle Cold Vell, wanda rabin waƙoƙinsa zagin masu kai tsegumi ne. Kuma yaran da ke gadinsa, duk Boone ne ya ɗauke su aiki.

Shalonda ta share fuskarta da bayan hannu.

"Ni ba ruwana da Boone. Ku kashe juna idan kun ga dama, kun saba. Abu ɗaya nake so. Ka hau dandamalin nan, gaban duk waɗanda suka sayi tikiti, ka faɗi sunansa. Ka ce Tyree Gaskin bai kashe kowa ba. Ka ce kai ka kashe shi da bakinka."

Lavell ya dube ta ya ce,

"Zan faɗa."

"Kada ka yi min alkawari irin na waƙa, Lavell."

Rabon da ta kira shi da sunan nan tun kafin a haifi Keyonna. Ya ji idonsa ya cika. Ya juya kai don kada ta gani, sai idonsa ya sauka a kan tagar falon da ke kallon filin baya.

A buɗe take. Labulen na motsi, hayaƙin gawayi na shigowa ta cikin ƙarafunan.

Fiton Boone ya daina. Bai san tun yaushe ba.

Sai suka ji dariyar yarinya, ba daga ɗaki ba, daga waje.

Shalonda ta riga shi kaiwa ƙofar ɗakin. Talabijin na ta yi shi kaɗai, gadon babu kowa. Ta juyo, fuskarta ta sauya gaba ɗaya.

Lavell ya ratsa kicin ya tura ƙofar baya.

Naman na ƙonewa a kan wuta, babu mai juya shi. Boone yana tsaye nesa da murhun, kusa da ƙofar da ke fita lungu. Keyonna na zaune a kan wuyansa, alewa a bakinta, ta riƙe kunnuwansa kamar kan keke.

"Baba, kalle ni! Kawu Boone ya ce zai kai ni shan askirim."

Boone ya dubi fuskar Lavell. Ya dubi hannun da ke bayan ƙugu. Ya dubi matan biyu da suka fito suka tsaya a bakin ƙofa. Murmushin bai bar bakinsa ba, amma idonsa babu komai a ciki.

"Mama ta gama ba da labarin?"

Lavell ya saki hannunsa a hankali, ya buɗe tafukansa biyu.

"Sauke ta, Boone."

Boone ya gyara riƙon da ya yi wa ƙafafun yarinyar. Da ɗaya hannun ya laluba bayansa, ya zare sakatar ƙofar lungun.